Ya zagi addinina a Facebook, ya ce ya san gidana: laifin ƙiyayya ne?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ina zaune a Ingila da maigidana da yara. A wani zauren Facebook na mazauna unguwarmu aka yi muhawara kan faɗaɗa masallaci, na sa baki na ce masu kukan wurin ajiye mota suna da hujja, amma abu ne mai gyaruwa. Sai wani mutum ya shigo yana aibata Musulunci da kalaman da ba zan iya maimaitawa ba. Da na amsa masa sai ya dawo kaina, ya ce irinmu ne muka ɓata ƙasar, in tattara in koma inda na fito. Bayan nan ya turo mini saƙo ni kaɗai har sau uku, a na ƙarshe ya ce ya san gidana da makarantar yarana. Ƙanena ya fusata ya rama mini a bainar jama'a, ya zagi Turawa baki ɗaya, ya ce sai ya nemo shi. Abin da mutumin nan ya yi laifin ƙiyayya ne? Me zan yi?

Amsa: Malama, sannu da haƙuri. Abubuwa uku ne kika haɗa a wasiƙarki, kuma doka ba ta yi musu kallo ɗaya.

A Ingila da Wales ƙiyayya ita kaɗai ba laifi ba ce. Sai an fara samun laifi na asali, kamar duka, ɓarnar dukiya, barazana ko tsangwama, sannan a nuna cewa mai laifin ya bayyana gaba ga wanda ya cuta saboda launin fata ko asali, addini, naƙasa, yanayin sha'awar jinsi, ko sauya jinsi. Sashe na 28 na dokar laifuka ta 1998 ya ba masu gabatar da ƙara hanya biyu: ko su nuna ya furta gabar lokacin aikata laifin, ko dab da shi, ko jim kaɗan bayansa, ko kuma su nuna gabar ce ta ingiza shi, ko da da wani dalilin a haɗe. Hanyar farko ta fi sauƙi, domin ba a buƙatar tona abin da ke zuciyarsa, bakinsa ya isa shaida. In an tabbatar, hukunci kan ƙaru. Tsangwama zalla iyakarta ɗaurin wata 6, mai haɗe da gabar addini ko asali kuwa tana kaiwa shekara 2.

Abu na farko, aibata addini, shi ne inda amsata ba za ta yi miki daɗi ba. Lokacin da majalisa ta yi dokar hana rura ƙiyayyar addini a 2006, ta sa sashe na musamman, 29J, da ya kare suka da ba'a, har ma da zagin addinai da aƙidun mabiyansu. Sai kalaman sun zama na barazana, kuma an yi su da niyyar tunzura mutane su tsani mabiya addinin, kafin su shiga wannan laifi mai ɗaurin da zai kai shekara 7. Tun 1976 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta ce 'yancin magana ya haɗa da maganar da ke ɓata rai da tayar da hankali. Rashin ladabi a muhawara abin kunya ne ga mai shi, kuma masu kula da zauren suna da ikon korarsa tun a kalma ta farko, amma da wuya alƙali ya ɗaure shi a kan wannan kaɗai.

Da ya bar addinin ya dawo kanki, lissafi ya canza. A 2007 kotun ƙolin Birtaniya ta lokacin, wato Majalisar Dattawa (House of Lords), ta yanke hukunci a shari'ar Rogers, mutumin da ya kira wasu mata uku 'yan Sifaniya la'anannun baƙi, ya ce su koma ƙasarsu. Kotun ta ce wannan gaba ce ta asali, ko da bai ambaci ƙabila ko launi ba. Kalaman da ya gaya miki ƙannen waɗancan ne.

Saƙonnin nan uku su ne ƙashin bayan ƙararki. Dokar kariya daga tsangwama ta 1997 tana neman a ce abin ya faru aƙalla sau biyu, kuma duk mai hankali zai san yana tayar wa mutum hankali. Naki ya cika wannan, sannan kalaman “ki koma inda kika fito” su ɗora masa nauyin ƙiyayya. Akwai kuma sashe na 181 na dokar tsaron intanet ta 2023, da ya haramta tura barazanar kisa ko mummunar cuta, da ɗaurin da zai kai shekara 5. A nan lauyansa zai ce wanda yake karewa bai ce zai yi komai ba, ya dai ce ya san gida. Ni a ganina wanda ya gama zagin uwa sannan ya ambaci makarantar 'ya'yanta ba labari yake ba ta ba, kuma kotu kan karanta saƙo tare da abin da ya gabace shi. Duk da haka tuhumar tsangwama ta fi tsayuwa da ƙafafunta.

Ki kai rahoto yau. Ki kira 101, lambar 'yan sanda ta abin da ba na gaggawa ba, ko ki cike fom a shafin True Vision na 'yan sanda. In kin gan shi kusa da gida ko makaranta, ki kira lambar gaggawa, 999. Ki faɗa musu ƙarara cewa kina ganin saboda addininki da asalinki ne. Tun bayan rahoton Macpherson na 1999, wanda ya binciki yadda 'yan sandan Landan suka yi sakaci da kisan Stephen Lawrence a 1993, ƙa'idar ita ce su rubuta lamarin yadda wanda aka cuta ya ɗauke shi. Sai dai rubutawa daban, gurfanarwa daban: ofishin masu gabatar da ƙara, CPS, sai ya ga shaida. In aka ƙi tuhumarsa, kina da haƙƙin neman a sake duba shawarar.

Kafin ki toshe shi, ki ɗauki hoton kowane saƙo yadda sunansa da rana da lokaci za su fito, haɗe da adireshin shafinsa, har da amsoshin da ke kika ba shi. Kada ki goge komai. Ki sanar da shugaban makarantar. Kina kuma iya zuwa kotun farar hula a ƙarƙashin sashe na 3 na dokar 1997 ki nemi umarnin hana shi tuntuɓarki, da diyya; karya wannan umarni laifi ne mai kaiwa shekara 5. Hanyar tana cin kuɗi, don haka ki fara ganin abin da 'yan sanda za su yi.

Saura ƙanenki. Dokar nan ba ta san marasa rinjaye da masu rinjaye ba. Bature ma tana kare shi. Zagin Turawa baki ɗaya haɗe da “sai na nemo ka” ya ɗauko siffar laifin da kike ƙara a kai, kuma abu na farko ke nan da lauyan mutumin zai ɗora a gaban alƙali don ya nuna cacar baki ce tsakanin ɓangare biyu. Ki gaya masa ya tsaya haka nan, kada ya ƙara ko kalma, kada ya je neman kowa. Ki gaya wa 'yan sanda da bakinki cewa an mayar da martani, kafin su gano da kansu. In suka kira shi tambayoyi, yana da haƙƙin lauya kyauta a ofishinsu, kuma kada ya fara bayani sai lauyan ya iso.