Yaya, ga bayanin lambobin hokin nan, da kuma maganar da ka faɗa a kan yarana

Salam Yaya, ina fatan kun wuni lafiya, ya iyali ya kuma jikin Inna. Na saurari saƙon muryar da ka bar min, inda kake tambaya wai mene ne wannan 29-0-2 da Auta yake ta sakawa tare da hoton yara sanye da hular kwano suna gudu a kan ƙanƙara, ko wata caca ce ta Turawa. Sannan a ƙarshe ka ɗora da cewa anya kuwa akwai sauran Hausa a jikin yaran nan. Ta farkon amsarta mai sauƙi ce, ta biyun kam ta tsaya min a rai sosai, shi yasa nace gara na zauna na rubuto maka a tsanake.

Ba caca bace. Tarihin kulob ɗin garinmu ne, London Knights, na nan Landan ɗin jihar Ontariyo a Kanada. Hokin ƙanƙara suke bugawa a gasar matasa da ake ce wa OHL, yara ne 'yan shekara 16 zuwa 20, yawancinsu ma ba 'yan garin bane, daga wasu garuruwa ake kawo su a raba su gidajen mutane suna riƙonsu har kaka ta ƙare. Wasa 68 kowane kulob yake yi a kaka. To a kakar 2004 zuwa 2005 sai da suka buga wasa 31 daga farkon kaka ba wanda ya doke su, sun ci 29 sun yi canjaras 2, kaga ma'anar lambobin kenan. Kafin su Brandon Wheat Kings ke riƙe da tarihin da wasa 29 tun kakar 1978 zuwa 1979. Sai a watan Disamba Sudbury Wolves suka taka musu birki. Kai da ka daɗe kana mana alfahari da shekara 12 da Kano Pillars ta yi ba a doke ta a gida ba kafin Nasarawa United ta zo ta karya a 2015, ai ka san yadda irin wannan abu yake shiga jinin gari, har wanda bai damu da wasa ba sai ka ji yana tambaya yau ma sun ci?

Lokacin bamu daɗe da zuwa ba, Baban su yana karatu a jami'ar Western, ni kuma ina gida da Babba yana ƙarami, sanyi ya hana ni ko leƙa ƙofa. Shekarar ce aka soke kakar manyan 'yan wasa ta NHL gaba ɗaya saboda rigimar albashi tsakanin masu kulob da 'yan wasa, sai duk ƙasar ta juyo kan yaran nan. Maƙwabciyarmu wata tsohuwa Baturiya ita ta fara jana, ranar Juma'a da daddare ta ƙwanƙwasa ƙofa da rigar kulob ɗin mai kore a jikinta tace na zo mu kalla a falonta. Ban fahimci komai ba da farko, ƙwallon ma wani ɗan baƙin faifan roba ne da ido baya iya binsa, amma ita ce ta zauna da biro da bayan ambulan tana zana min layuka tana nuna min dalilin da alƙali yake hura usur.

Abin da mutane suke riƙewa shine ɗan wasan gabansu Corey Perry da makinsa 130 a kakar, wato ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci, kuma gaskiya ya cancanta. Amma ni da Auta kullum musun da muke yi kenan, don ni a ganina sirrin yana baya. Duba ka gani, sun gama kakar da nasara 59, rashin nasara 7, canjaras 2, maki 120. Sun zura ƙwallo 310, aka zura musu 125 kacal. Raba 125 ɗin nan gida 68, ko biyu bata kai ba a kowane wasa, kuma fa gasar yara ce inda ake yawan kuskure ana cin juna biyar da shida kamar wasa. Duk kulob ɗin da ba a iya zura masa biyu, ko ranar da 'yan gabansa suka tashi da ƙafar hagu zai iya tsira da canjaras, abin da yake hana jerin nasara yankewa kenan. Haka suka wuce wasannin fidda zakaran OHL da nasara 16 rashin nasara 2, suka zo wasan ƙarshe na kofin Memorial, wato kofin zakarun matasa na Kanada, a nan garin a watan Mayun 2005 suka haɗu da Rimouski mai Sidney Crosby, yaron da duk Kanada take ji da shi a lokacin, suka ci 4 da nema. Ko ɗaya ba a bar shi ya zura ba.

Kuma abin da yasa mutanen garin basa gajiya da labarin, wannan kulob ɗin dai a kakar 1995 zuwa 1996 wasa 3 kawai ya ci a cikin 66. Sai a 2000 wasu 'yan'uwa Dale Hunter da Mark Hunter suka saye shi, ɗaya ya zama koci ɗaya yana zaɓo 'yan wasa. Sun sake ɗaukar kofin a 2016 da 2025, shi yasa yanzu matasa irin su Auta suka tono tsofaffin lambobin suna gardamar wace tawaga ta fi.

To mu dawo kan maganar da ka faɗa. Yaya, yaron da aka haifa a garin da ƙanƙara take rufe ƙasa wata da watanni, duk 'yan ajinsu da takalmin gudun ƙanƙara suka tashi, me kake so ya buga? Langa? Da wa zai buga? Auta yana buga hoki a ƙaramar gasar unguwa, kayan wasan kaɗai kuɗi ne ba kaɗan ba, na gwanjo muke saya masa, kuma ni nake kai shi atisaye tun duhun asuba. A mota muke karanta azkar ɗin safe, na ɗura kunun gyaɗa a fulas, yana saka kayansa a ɗakin canji ni ina zaune a benci na naɗe da bargo a kan hijabi. Yanzu da azumi yake faɗowa cikin sanyi, yaron nan da azuminsa yake shiga fili, in magariba ta riske mu a can sai na miƙa masa dabino ta saman katangar gilashi ya buɗe baki ya koma. Kocinsu ya san lokacin, har yakan duba agogo ya ɗaga masa kai. Wannan ne yaron da ake tambayar ko akwai sauran Hausa a jikinsa.

Ba zan ce komai lafiya lau ba. An taɓa jefa masa baƙar magana a fili saboda launin fatarsa, ya dawo gida bai ci abinci ba. Kuma garin nan ne a watan Yunin 2021 wani ya take iyalin Musulmi da mota da gangan suna yawon yamma, mutum huɗu suka rasu, mun yi makonni ina jin tsoron fita da hijabi. Amma garin nan ne dai a 2022 Nazem Kadri, ɗan asalin Labanan da aka haifa a nan kuma ya taɓa buga wa Knights, ya ɗauko kofin Stanley na gasar NHL da ya ci da kulob ɗin Colorado ya fara kai shi masallacinmu na titin Oxford. Ranar Auta ko barci bai yi ba don murna.

Na san dai inda maganarka ta dosa, auren Babba ne. Har yau baku huce ba da ya auri Baturiya, ana ta cewa da mun turo shi gida an haɗa shi da 'yar uwarsa. Yarinyar nan ta musulunta tun kafin maganar aure ta taso, liman ya ɗaura, an biya sadaki, mun haɗa lefe daidai ƙarfinmu, akwatuna muka kai gidan iyayenta da atamfa da leshi da turaren wuta, uwarta ta riƙa shafa zannuwan tana hawaye. Yau in ta shigo gidana durƙusawa take yi ta gaishe ni, bata kiran sunana, Mama take cewa, kuma ta iya tuƙa tuwon shinkafa ta kaɗa miyar kuka. Sannan ka tuna kakanmu na wajen Baba da yake fataucin goro zuwa Gwanja, shekara nawa ya yi a Zangon Kumasi, ba daga can ya auro kakarmu ba? Har ta rasu Hausarta bata miƙe ba, mu da muke yara muna kwana a ɗakinta tana mana tatsuniya rabi da yarensu, amma ban taɓa jin wani a Katsina yace Baba ba Bahaushe bane.

Inda nake da ƙorafi a kanku shine harshe. Gaskiya ne Hausar Auta bata da ƙarfi, yana ji sarai amma in zai mayar sai ya haɗa da Turanci, kuma abin yana damuna fiye da yadda yake damunku. A gida doka ce ba a min Turanci a kicin, mu 'yan Arewa da ke nan da na Toronto muna haɗuwa da sallah da suna a yi masa da miyar taushe don yara su ji harshen a bakin wasu ba mu kaɗai ba. Amma zuwanmu gida na ƙarshe, yaron nan ya dage yana gaida kowa da Hausa, sai 'yan'uwansa suka riƙa kwaikwayon bakinsa suna dariya suna ce masa Bature, manya na zaune ba wanda ya tsawatar. Daga ranar ya kulle bakinsa har muka hau jirgi. Ni na sha wahalar lallashinsa ya dawo yana yi.

Don haka dan Allah Yaya in ya kira gaisuwar Juma'a ka riƙe shi a waya ka yi ta jansa da hira da Hausa, in ya yi kuskure ka gyara masa a hankali, kuma ka ja kunnen yaran gidan. Akwai wata 'yar Funtuwa da zata taho nan ƙarshen wata, zan turo maka lambarta, a haɗa min kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da yajin Inna. Kilishi kam kar a saka, 'yan kwastan ɗin nan basa barin nama ya shigo. A gaida Inna da jiki, ace mata matar Babba tana gaishe ta.