Amsar maganar kayan fatsa: kar yayanka ya ɗauko maka beitkasta

Assalamu alaikum jama'ar gurup, barkanmu da yamma. Yauwa ƙanena, na ga saƙonka tun jiya da daddare, inda ka ce yayanka zai dawo daga Texas a Disamba, ya ce ka turo masa lis na kayan fatsa, sanda da ril, wato abin naɗe zare, da koton roba, irin na masu kama kifin bass ɗin nan da kake kallo a YouTube. Na fara taifin sai na ga babban yatsana ba zai kai ba, shi ya sa na ce bari in yi murya kawai. Wanda ba ruwansa da kifi ya yi haƙuri ya wuce.

To da farko dai wannan hoton da ka turo, ril ɗin nan mai zama a saman sanda kamar kunkuru, wanda suke ce wa beitkasta, don Allah ka cire shi daga lis ɗin. Ba wai ba shi da kyau ba ne fa, yana da kyau sosai, amma ba na mai koyo ba ne. Ni ya taɓa ci min mutunci. Lokacin da nake karatu a Pietermaritzburg a Afirka ta Kudu, akwai wani dam kusa da garin, Albert Falls, a nan na fara ganin bass da idona, na ga Turawa suna wurgi da shi fiit fiit kamar ba komai, ni ma na je na zuba kuɗin abincina na saya. Wurgin farko wallahi koton ya faɗi gabana kamar taku biyar, zaren kuwa ya cukurkuɗe a cikin ril ɗin kamar an kwance kitso ba a taje ba. Na zauna a kan dutse ina tsifa da tsinke har rana ta take, daga ƙarshe reza na sa. Dalili kuwa shi ne, shi abin da zaren ke naɗe a kai juyawa yake yi da kansa in ka yi wurgi, to in koton ya rage gudu a iska ko ya faɗa ruwa shi kuma bai tsaya ba, sai ya ci gaba da aman zare a cikinsa. Da babban yatsa ake taka masa birki, kuma hannu sai ya saba. Ga iskar Jos ta hunturu, ka yi wurgi tana fuskantarka, ai shi ke nan.

Abin da za ka ce masa shi ne sifinin, wanda yake rataye a ƙarƙashin sanda, mai wayar nan da ake buɗewa a yi wurgi a rufe. Girmansa lamba 2500 ko 3000. In kana da niyyar gangarawa Shiroro ko Kainji wata rana to 4000 ya fi. Shimano ko Daiwa, duk na Japan ne, Shimano ɗin nan dai su ne masu giyar keke da ka sani, kuma ko ƙaramin kuɗinsu ka saya zai yi maka shekaru in ba ka jefa shi a yashi ba. Za ka ga wata lamba a kwali kamar 5.2:1 ko 6.2:1, kar ta tayar maka da hankali, nufinsu in ka juya mariƙin sau ɗaya zare zai naɗu sau biyar ko shida da ɗoriya, kowanne ka samu ya yi. Abin da ni nake dubawa a ril shi ne dirag, wannan murfin na gaba da ake ɗaurewa a sassauta. In kifi ya fizga, zaren ya riƙa fita sumul yana ƙara zzzz, ba ya riƙe ya saki ya riƙe ya saki ba, don a nan zare ke tsinkewa. Kuma kar ka ɗaure shi tamau, kamar kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na ƙarfin zaren ya isa.

Sanda kuma, ƙafa 6 da rabi zuwa ƙafa 7. A jikinta kusa da mariƙi za ka ga rubutu ƙanana, tsawonta, nauyin koton da take ɗauka, da harafi M ko MH. MH ta ɗan fi ƙarfi, M ɗin kuma matsakaiciya ke nan, ita nake ba ka shawara, wadda bakinta ne kawai ke lanƙwasa gindin na nan da ƙarfinsa. Sannan ka jaddada masa mai gida biyu, wadda ake rabawa a tsakiya a haɗa. Mutanen YouTube ɗin nan mai gida ɗaya suke riƙewa saboda suna da kwale-kwale mai inji da motar ja, kai kuwa jirgi za ta hau, ta sauka Abuja, ta shiga mota ta hawo ta Akwanga, sannan kullum ka goya ta a mashin ko ka cusa ta a Keke. In ya samu sanda samfurin Ugly Stik ma ya ɗauko, tana da ɗan nauyi kuma ba ta jin motsin kifi kamar masu tsada, amma tana shan wahala, ta dace da mu. Wadda ba na so ita ce mai zugewa kamar eriyar rediyo, na taɓa sayen wata a wani shago, tarwaɗa ko kilo biyu ba ta kai ba ta raba min ita gida uku.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne da kyau, ka gane, shi bass ba kifinmu ba ne. Asalinsa Arewacin Amurka, daga can aka kai shi Japan, Afirka ta Kudu, Zimbabwe, har tafkin Naivasha na Kenya. Ni duk yawon da na yi a ruwayen Filato, Lamingo ne, kududdufan kuza na wajen Rayfield da Bukuru ne, ban taɓa ciro shi ba. Kuma ba wani ƙaton kifi ba ne fa, kyamara ce ke kumbura shi. Mafi girma da aka rubuta a tarihi laba 22 da ɗoriya ne, kilo 10 ke nan da 'yan kai, wani George Perry ya kama shi a Jojiya a 1932, aka yi shekara saba'in da bakwai sai a 2009 wani ɗan Japan Manabu Kurita ya kamo irinsa a tafkin Biwa. To kilo 10 ai a wajen giwan ruwa yaro ne, ita da take wuce kilo 100, ka dai ga irin waɗanda ake ɗagowa a Argungu mutum biyu uku na riƙe da guda. Saboda haka kayan bass za ka saya, amma kifin gida za ka kama da su, kuma lis ɗin dole ya bi kifin da ke ruwanka.

Abin da ya sa kayan suke aiki a nan, halinsu ɗaya da namu masu farauta. Bass maɓoyi yake nema, gindin itacen da ya nutse, ƙarƙashin dutse, bakin ciyawa, ya lafe sai ƙaramin kifi ya gifta ya kai masa cafka. Giwan ruwa haka take, tsage kuma ya fi son inda ruwa ke gudu. Amma tarwaɗa da ta fi yawa a nan kusa da mu da hanci take kiwo, ka ba ta tana ko hanjin kaza an gama magana, wani lokaci dai takan kai wa roba hari amma kar ka dogara da haka. Karfasa kuma bakinta ƙarami ne, sai ƙaramar ƙugiya da tana, ko ɗan mitsitsin sifina, wato koton ƙarfe mai juyawa a ruwa, lamba 1.

Koto, kar ya cika maka jaka. Kantunan can in ka shiga bango guda ne na koto kala-kala, yawancinsu masunci suke kamawa ba kifi ba. Ka ce ya ɗauko Rapala mai siffar ɗan kifi guda uku ko huɗu, santimita 9 zuwa 11, ruwan azurfa da baƙin baya, da ɗaya mai ruwan zinare saboda ruwanmu na damina da yake jaja-jaja. Wannan ɗan leɓen roba da ke bakinsa shi ke sa ya nutse, gajeren leɓe sama-sama, dogon leɓe ya yi ƙasa. Shi Rapala ɗin ma asali wani masunci ne talaka a Finlan, Lauri Rapala, a 1936 ya sassaƙa na farko da wuƙa ya naɗe shi da takardar cakulan mai ƙyalli, ka ga ba wani sihiri ba ne, rawar da yake yi a ruwa kamar kifi mai rauni ita ce maganar. Sai cokali, eh sunansa ke nan, ƙarfe ne mai ƙyalli kamar kan cokali, giram 10 zuwa 20, guda uku. Sai sifinabeit, koto ne na waya mai ɗan faifan ƙarfe da ke juyawa, ɗaya ko biyu mai kamar giram 10, fari, shi ba ya yawan maƙalewa a itace. Sai tanar roba leda biyu, inci 5, kalar kore mai duhu, da ƙugiyarta mai lanƙwasa lamba 3/0 da dalma mai siffar harsashi. Wannan ɗaurin ma sunan jihar da yayanka yake aka sa masa, ɗaurin Texas, ana mayar da tsinin ƙugiyar cikin jikin robar ne yadda za ka ja ta cikin ciyawa ba ta kama komai ba sai bakin kifi. Da ita na kama bass ɗina na farko, na jefa gindin wani busasshen itace na bari ta nutse, sai na ji tik tik a hannu kamar an taɓa ƙofa, zaren ya fara tafiya gefe shi kaɗai, na ɗaga sanda da ƙarfi. Bai kai kilo ɗaya ba amma ranar har gida na buga waya.

Zare, bireid, wato saƙaƙƙen zare, mai ƙarfin laba 15 ko 20, za ka ga 15 lb a kwalin. Siriri ne, ba ya miƙewa, yana nisa a wurgi. Amma kifi na ganinsa kuma dutse na yanka shi, mu kuwa nan duk duwatsu ne, saboda haka a bakinsa kana ƙulla lida, wato guntun zare na fulorokabon, wata roba garau da kifi ba ya gani sosai, kamar tsawon hannu. Kuma kar ka kuskura ka naɗe bireid a yatsa ka ja in koto ya maƙale, yanka yake kamar reza, ka samu ɗan itace ka naɗe a kai. Sannan ka ce ya haɗo da lidar waya, ta ƙarfe, ko guda goma. Wannan ba za ka gani a bidiyon bass ba don shi bakinsa kamar sanfefa ne, har babban yatsa suke sa masa a baki su ɗaga shi a yi hoto. Ka gwada haka da tsage ka dawo da yatsa huɗu. Haƙoransa a waje suke kamar ƙusoshi, zaren roba cizo ɗaya ne ya tafi da Rapala ɗinka ta dala. Filaya mai dogon baki ma dole ce saboda cire ƙugiya.

Af, na manta, ka gaya masa ƙugiyoyi da koto duk a babbar jaka zai sa wadda ake aunawa, kar ya riƙe a ta hannu a tsayar da shi a banza.

Wani abu kuma, Disamba da kayan za su iso lokacin sanyinmu ne, ruwa ya yi sanyi kamar ƙanƙara kifi ya yi lakwas, in ka je sau biyu uku ba ka samu komai ba kar ka ce kayan ne. Ka riƙa ja a hankali, ka bari rana ta ɗan ɗaga. In zafi ya shigo wajen Maris, to sassafe bayan asuba da kuma yamma lis. Kududdufan kuza kuma don girman Allah kar ka je kai kaɗai kuma kar ka shiga ciro koto, bakinsu a tsaye yake, taku ɗaya ka wuce tsawonka, sun ci mutane da yawa a garin nan. Dam ɗin ruwan sha kuma ka fara gaisawa da masu gadi ka nemi izini kafin ka warware zare.

Ka turo min lis ɗin in duba kafin ka aika masa. In kana gari ranar Asabar ka biyo ta gida bayan la'asar, akwai tsohuwar sandata da ril, mu je filin makarantar bayanmu in ɗaura maka dalma ba ƙugiya ka koyi wurgi a kan bokiti. Beitkastan nan ma yana nan cikin kwali in kana so ka gwada, amma ka zo da rezarka. To an kira magariba, sai anjima.