Amsa: Salmon Chase da kuɗin takardar Amurka

Malam Sani, ka tambaya ko da gaske ne mutumin da ya fitar da kuɗin takarda a Amurka shi ne ya dawo ya soke su a kotu. Gaskiya ne, amma da sauran bayani.

Salmon Chase lauya ne a Cincinnati, ya yi suna wajen kare bayin da suka gudo daga Kudu. Ya yi sanata, ya yi gwamnan Ohio, sannan Shugaba Abraham Lincoln ya ba shi ma'aikatar kuɗi a 1861. Yaƙin basasa ya cinye baitulmali, zinariya ta yi ƙaranci, sai aka yi dokar 1862 wadda ta tilasta wa mai bin bashi karɓar takardar kuɗi koriya. Chase ya amince ba da son ransa ba, kuma hotonsa ne a kan takardar dala ɗaya.

A 1864 ya zama Alƙalin Alƙalai, wato shugaban Kotun Ƙolin Amurka. A shari'ar Hepburn da Griswold ta 1870, alƙalai huɗu suka rinjayi uku, shi ya rubuta hukuncin. Ga inda mutane ke kuskure: bai haramta takardar gaba ɗaya ba. Cewa ya yi bashin da aka ci kafin dokar ba a tilasta biyansa da takardar da darajarta ta faɗi, don hakan zaluntar mai bin bashi ne. A ganina hujjarsa tana da ƙarfi.

Hukuncin bai daɗe ba. Shugaba Grant ya naɗa sababbin alƙalai biyu, Strong da Bradley, a 1871 kotun ta juya shi da biyar a kan huɗu, Chase yana cikin marasa rinjaye.