Ko ya dace in sayi War of the Monsters na PS4?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kuɗinka zai tafi a banza. Ni dai na ce ka saya. Wasan, na faɗan manyan dodanni a cikin birane, ya fito a na'urar wasan bidiyo ta PlayStation 2 (PS2) a 2003, aka dawo da shi PlayStation 4 (PS4) a ƙarshen 2015, hoton ya ɗan ƙara haske amma ba a sake masa fasali ba. Masu ƙorafi suna da gaskiya: kyamarar da ke nuna maka fagen wasan tana wahalarwa, kuma ba a buga shi ta intanet. Sai dai daɗinsa yana nan daram. Ka ɗauki gwaggon birin nan Congar, ka haye dogon bene, ka fizgo ƙarfen eriya ka soke abokin karawarka, ka bi shi da tankar mai! Ni da ƙanena har yau mukan raba dare a kansa. In kana da abokin bugawa a gida, kada ka yi jinkiri.