Tambaya da Amsa: Ruwa Ya Shiga Bangon Motata Mai Ɗakin Kwana

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sayi tsohuwar mota mai ɗakin kwana da wurin girki wadda aka shigo da ita daga Jamus ta tashar jiragen ruwa ta Tema, domin zirga-zirgar fatauci tsakanin Kumasi da Tamale. Tun da damina ta kankama nake jin warin fumfuna a cikinta, bangon da ke ƙarƙashin taga ya yi laushi, silin kuma ya yi tabo. Wani makanike ya ce a shafe duk mahaɗar rufin da silikon. Shin hakan zai wadatar, kuma me ya sa mota mai tsada haka take yoyo? (Daga wani mai karatu a Aboabo, Kumasi)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Shawarar makaniken nan ba za ta wadatar ba, domin laushin da ka ji yana nuna cewa ruwan ya daɗe yana shiga, wataƙila tun motar tana Turai, daminar Kumasi tona asirin kawai ta yi.

Bangon irin wannan mota ba ƙarfe ba ne zalla kamar na tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya. A yawancin tsofaffin, falle uku ne aka manne da gam: siririn alminiyum ko faiba a waje, farin soso mai tare zafi a tsakiya, sai siririn katako a ciki, da sandunan katako da ke riƙe da tagogi da kusurwoyi. Masu ƙira suna yin haka ne don rage nauyi, tunda lasin tuƙi na gama-gari a ƙasashen Tarayyar Turai bai wuce mota mai kilo 3,500 ba, ga gado da firji da tankin ruwa duk a cikin wannan lissafi. Amma ba zan wanke su gaba ɗaya ba, domin akwai waɗanda ke tsuke hannu wajen gam da ingancin katako. Ko garantin hana yoyo da kamfanoni da yawa ke bayarwa yana da sharaɗin a kai motar a auna danshinta kowace shekara. Idan aka haɗa da zafin ranarmu da ke busar da gam har ya tsage, da jijjigar hanya da ke sassauta mahaɗa, yoyo ba abin mamaki ba ne.

Aiki na farko shi ne gano ainihin mashigar ruwan, wadda sau da yawa tana nesa da inda tabon ya bayyana, saboda ruwa yana bin sandunan ciki kafin ya fito. Mutum ɗaya ya zauna a ciki, wani ya riƙa zuba ruwa da tiyo a hankali daga ƙasa zuwa sama, ana tsayawa a kan kowace taga, da ƙofar iska ta rufi, da duk inda aka ɗaura kusa. Idan ka samu na'urar auna danshin katako, ƙasa da kashi 15 cikin ɗari lafiya ne, amma daga kashi 20 zuwa sama wurin yana bukatar bincike.

Daga nan sai a cire batir, a rufe tukunyar gas, a buɗe bangon ta ciki, a yanke duk katakon da ya ruɓe har a kai ga mai ƙwari wanda sukundireba ba ya nutsewa a cikinsa. Kada a yi gaggawar rufewa. Idan za ka iya haƙuri, ka lulluɓe motar da tampol yadda iska za ta riƙa ratsawa, ka bar babban aikin sai hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da katako ke bushewa da kansa. Sabon katakon ya zama busasshe wanda aka shafa wa maganin gara, allon kuma irin wanda ake aikin kwalekwale da shi.

Tagar kuwa cire ta za a yi ɗungurungum, a kankare tsohon gam, a shimfiɗa sabon tef na butil (roba mai danƙo da ke hana ruwa shiga) a ƙarƙashin firam ɗin, a mayar, mahaɗar rufi kuma a yi musu gam na foliyuretan irin su Sikaflex. Aibin silikon shi ne yana ɓanɓarewa a ɓoye ya tare ruwa a ƙarƙashinsa, kuma wani gam ba ya kama wurin da ya taɓa sai an goge shi tas.

A Suame Magazine, unguwar masu gyaran motoci a Kumasi, ba za ka rasa ƙwararrun masu gyaran jikin mota ba, sai dai ka haɗa su da kafinta, domin rabin aikin nasa ne. Kafin ka biya kuɗin kaya, ka sa a shiga ƙarƙashin motar a dudduba daɓen, musamman kusurwoyin baya da gefen tayoyi. Idan ruɓar ta ci daɓen da sandunan da bango ke zaune a kansu, ka nemi jimillar kuɗin aikin a rubuce, ka gwada shi da abin da motar za ta yi a kasuwa kafin a cire kusa ko ɗaya.