Alhajin da ya watso maka kuɗi a ƙasa

Ɗana, jiya muna kwashe benci ka tambaye ni, idonka jawur: "Maigida, mutumin nan da ya ƙi saukowa daga mota yana ta danna mini hon, ya ce kafen ya huce, ya watso mini kuɗi a ƙasa, in ya dawo in rama ko in haɗiye?" Ban amsa maka a take ba, don na ga zuciyarka na tafasa. Yanzu da ka kwana, zauna ka ji.

Kafen nan ya huce, ina kallo. Hunturu ake, kofin gilas ya kwana cikin sanyi, ka zuba Nescafé da madarar gwangwani a kansa haka nan, sannan ka tsallaka titi da shi cikin iska. Da ka ɗauraye kofin da ruwan zafi tukuna, da ya isa hannunsa yana tururi. Mai baƙar magana ma wani lokaci da gaskiya a bakinsa. Ka ɗauki gaskiyar ka gyara aikinka, rashin kunyar kuwa ka bar masa kayansa.

Yawancin masu ɗaga maka murya da safe ba da kai suke ba. Ɗan kabu-kabu ne da tun asuba bai ɗauki kowa ba, ko direban kamiyo da ya kwana uku a Ɗan Isa, kusa da iyakar Najeriya, yana jiran takardun duwan, cikinsa ba komai. Fushinsa daga can ya ɗauko shi, kai ne kawai ya fara tararwa. Ina yaro a teburin maigidana kusa da tasha aka karya darajar sefa da rabi, a Janairun 1994. Madara da Nescafé suka yi tsada, muka ƙara kuɗin kofi, ba irin sunan da ba a kira mu da shi ba, har ɓarayi. Haka aka sake yi da Najeriya ta rufe iyaka a 2019. Mutanen da suka zage mu a lokacin, wasunsu har yau a bencin nan suke karyawa. Irin wannan ba ya buƙatar amsa. Ka tambaye shi sukari cokali nawa, ka faɗa masa kuɗin kafin ka yanka burodi, ka miƙa masa abu mai zafi. Kurɓi uku, za ka ji muryarsa ta sauka.

Mutumin jiya daban ne. Shi so yake a ga ya fi kowa, a tsallake mutane a fara da shi. A nan ba na sassauci: wanda ya riga zuwa shi ke riga sha. Ɗan dakon nan na babbar kasuwa da ke zuwa kullum da dala 30 ɗinsa, wato sefa 150, yana kallonka. Ranar da ka tsallake shi don babbar riga ba zai ce uffan ba, amma jibi a teburin maƙwabci za ka gan shi, shi da abokansa, kuma su ne ke riƙe da mu. Ka je bakin motar ka gaishe shi da kyau, ka ce: "Ranka ya daɗe, mutum biyu ne gabanka, yanzun nan zan kawo." In ya jira, madalla. In ya ja motarsa, Allah ya kiyaye hanya. Ka kuma lura, manyan Alhazan Maraɗi na gaske, waɗanda suka san wahalar nema tun daga ƙasa, sau da yawa su ne ke saukowa su zauna kan benci su tambaye ka mutanen gida.

Kuɗin da ya watsar shi ya fi ci maka rai, na sani, ni ma ya ci mini. Kada ka duƙa kana rarumar su a gabansa, kada kuma ka shure su. Ka tsaya cak, ka dube shi, ka ce da murya ƙasa-ƙasa: "Alhaji, kuɗinka sun faɗi." Ka ba shi ƙofar fita ke nan. Na ga wanda kunya ta kama ya sauko ya tsince da hannunsa. In ya tafi, ka tsinci abinka ka sa a gwangwani, guminka ne, halal ɗinka ne. Mutunci madara ne, shi ya zubar da nasa a gaban jama'a, naka yana nan.

Amma haƙuri yana da iyaka a teburina. Wanda ya ambaci iyayenka ko ya ɗaga maka hannu, ba ka da sauran magana da shi, nawa ne. Ban karɓo ka daga hannun mahaifinka don a ci maka zarafi saboda kofin kafe ba. Abu guda nake roƙonka: kafin ka buɗe baki, ajiye buta. Dubi bayan ƙafata ta dama. Tabon nan ranar da na mayar wa wani martani da buta a hannu na same shi, kuma da yaron da ke tsaye gefena ya matso taku ɗaya, a kansa ruwan zai sauka. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

In ya dawo gobe, kai za ka haɗa masa, ba ni ba, kuma ina nan kusa. Yau da la'asar ka zaga wajen masu tebur ka samo mana canji, don irinsa da jika 10 yake zuwa sayen kofi ɗaya da sassafe, kada ya sami abin kamawa.