Wace taya ce ta dace da keken lantarki na hawan duwatsu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi keken lantarki na hannu, irin na hawan duwatsu, ina yawo da shi a bayan gari nan Jos. Tayar baya ta suɗe, ga shi kusan kullum ina wajen mai faci. Zan iya sa masa tayar keke ta gama-gari, ko sai na nemo ta musamman? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin ka je kasuwa, duƙa ka karanta rubutun da ke gefen tsohuwar tayar. Za ka ga wani abu kamar 29 x 2.4 ko 27.5 x 2.6, tare da wata lamba irin 60-622. Ta biyun nan ita ce abin dogaro: 60 faɗin taya ne da milimita, 622 kuma girman rim. Rim mai 622 shi ne na inci 29, mai 584 shi ne na 27.5. Ka duba gaba da baya duka, domin wasu kekunan na zuwa da 29 a gaba, 27.5 a baya.

Tayar gama-gari za ta iya shiga rim ɗin idan lambar ta yi daidai, amma ba na ba ka shawarar sayenta. Keken dutse marar batir bai cika wuce kilo 15 ba, naka kuwa zai kai 22 zuwa 25. Ga kuma inji: Shimano EP8, alal misali, yana ba da ƙarfin murɗawa na Nm 85 (Nm ma'aunin ƙarfin murɗawa ne), kuma duk wannan ƙarfi a kan tayar baya yake sauka. Shi ya sa ita ce ta fara suɗewa.

Yawancin masu saye haƙoran taya suke kallo, alhali abin da zai raba ka da mai faci shi ne kaurin jikinta. Idan keke mai nauyi ya dira kan bakin dutse, taya mai siririn jiki tana lotsewa har rim ya cije ta, ko tsinin dutse ya yage gefenta, kuma yagar gefe ba ta ɗinkuwa da faci. Kamfanoni suna rubuta matakin kaurin a jiki. A Maxxis, EXO ne marar kauri, sai EXO+, sai DoubleDown, sai DH. A Schwalbe kuma akwai Super Trail da Super Gravity. Ga ƙasa mai duwatsu irin ta Filato, ni dai ba zan sa wa baya abin da bai kai DoubleDown ko Super Gravity ba. Gaba za ta iya ɗaukar EXO+. Za ka ƙara ɗan nauyi, amma ai kana da injin da zai ja.

Sai batun roba. A gaba kana son mai laushi da ke kama ƙasa, domin idan gaba ta zame a kwana, faɗuwa ce babu makawa. A baya kuma kana son wadda ta ɗan fi tauri don ta daɗe. Haɗin da mahaya da yawa suka aminta da shi: a tayoyin Maxxis, Assegai ko Minion DHF a gaba da Minion DHR II a baya; a na Schwalbe kuma, Magic Mary a gaba da Big Betty a baya. Faɗin inci 2.4 zuwa 2.6 ya wadatar, muddin ba ta goga jikin firam ba bayan ta kwashi lakar damina.

Game da ƙaya kuwa, idan rim ɗinka ya yarda, ka koma tubles, wato a cire tub a zuba ruwan da ke toshe huda da kansa. Ƙananan hujin ƙaya yakan rufe kana cikin tafiya ba ka ma sani ba. Sai dai ruwan yana bushewa, kuma zafi na gaggauta hakan, don haka ka riƙa dubawa bayan wata biyu ko uku. Kada ka bari a cika maka iska kamar ta babur. Fara da PSI (ma'aunin iskar taya) 23 a gaba, 26 a baya, ka ƙara kaɗan idan kana da jiki ko ka ji rim na bugun dutse.

Tambaya: Malam, gaskiya ne taya na iya cinye batir? Kuma mene ne E50 da nake gani a jikin wasu?

Amsa: Gaskiya ne. Roba mai laushi da manyan haƙora suna ƙara tirjiya, sai injin ya ƙara jan wuta, tafiyar caji ɗaya ta ragu. Wanda mafi yawan zirga-zirgarsa a kwalta da burji take, ya nemi mai ƙananan haƙora masu kusa da juna. Ita kuwa E50 alama ce cewa tayar ta cika ƙa'idar Turai ta ECE-R75, ta kekuna masu gudun da ya kai kilomita 50 a awa. Idan injinka yana daina taimako a gudun kilomita 25 a awa, ba dole ba ce a gare ka, kuma ba ta nuna cewa gefen tayar zai jure dutse.